WANE NE BABBAN MUTUM?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam daga turɓaya, Ya sanar da shi magana, Ya kuma sanya bambancin harsuna ya zama aya ga ma'abuta ilmi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ƙasar Daura, cikin Ƙaramar Hukumar Ɓaure ta Jihar Katsina, akwai wani gari a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, ana ce da shi Babban Mutum. Wanda ya ƙetare iyaka daga nan sai ya faɗa ƙasar Magarya, daga can kuma hanya ta miƙe zuwa Damagaram. Direbobi da 'yan kamasho suna kiran sunan garin a tasha safe da yamma, fatake suna ambatonsa a cikin lissafinsu, amma da wuya a sami wanda ya tsaya ya lura cewa sunan nan yana ɗauke da tambaya mai nauyi. Mene ne mutum, kuma da me yake zama babba?

A bakin jama'a a yau, idan aka ce wane babban mutum ne, galibi abin da ake nufi shi ne yana da kuɗi, ko muƙami, ko kuwa yana da hanya wajen masu muƙami. Har akan ce da yaro "ya zama mutum" ran da ya sayi mota, kamar dai kafin ranar wani abu ne dabam. To, kafin a yarda da wannan ma'auni, ya kamata a tambayi ita kanta kalmar inda ta fito da abin da ta ɗauko a hanya, domin kuwa tsohuwar kalma ce ƙwarai, kuma tana da dangi a harsuna masu yawa.

ARO DA GADO

Ɗalibin Larabci yakan yi mamaki ran da ya fara haɗuwa da fi'ilin "maata, yamuutu", da sunan "mautu", saboda kamarsu da "mutu" da "mutuwa" na Hausa. Nan da nan sai ya yanke hukunci cewa Hausawa sun aro kalmar ne daga Larabawa. Yana da uzuri, domin Hausa ta ari kalmomi masu ɗimbin yawa daga Larabci, kamar littafi, da alƙalami, da alƙali, da lahira, da sunayen ranakun mako. Amma duk wanda ya duba waɗannan zai ga sun shigo ne tare da addini da karatu da shari'a da fatauci, da yawansu ma har yanzu suna ɗauke da "al" ta Larabci a goshinsu. Mutuwa kuwa ba ta jira zuwan malamai da fatake ba kafin a san ta a ƙasar Hausa.

Hujja ta farko tana nan kusa. Ngizimawa na ƙasar Potiskum, da Bolewa na Fika, da Angasawa na duwatsun Filato, duk suna da wannan kalma da baƙaƙenta biyu, watau "m" da "t", a kan ma'anar mutuwa, alhali kuwa karatun Larabci bai ratsa ƙasar Angas a zamanin da ba. Idan aka ƙara nisa, Buzaye da sauran Barbar na Arewacin Afirka suna cewa "emmet". Amharawan Habasha suna cewa "mote", watau ya mutu. A Ibrananci "met" shi ne matacce. Misirawan zamanin Fir'auna sun rubuta ta a jikin duwatsu da baƙaƙe uku, "m-w-t", daidai da tushen da yake cikin ƙamus na Larabci.

Masana harsuna sun bayyana dalilin wannan. Joseph Greenberg, wani Ba'amurke wanda ya yi bincike a ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya tabbatar a littafinsa na 1963 a kan harsunan Afirka cewa Hausa da 'yan'uwanta na rukunin Cadi, da Larabci da Ibrananci da Amharanci, da harsunan Barbar, da tsohon harshen Masar, duk zuriyar harshe ɗaya ne wanda aka yi magana da shi dubban shekaru kafin a ƙago rubutu. Shaidar zumuntar tana cikin ƙashin bayan nahawu, inda aro ba ya kai wa da sauƙi. Bahaushe ya ce gidanka, gidanki, gidanku, Balarabe ya ce baituka, baituki, baitukum. Bahaushe ya ce ya tafi, ta tafi, Balarabe ya sa "ya" ga namiji da "ta" ga mace a farkon fi'ili mulari'i. Bahaushe ya gina makaranta da mabuɗi da "ma" a farko, Balarabe ya gina "madrasa" da "miftah" da harafin mimun. Saboda haka littafi aro ne, mutuwa kuwa gado ce, Hausa da Larabci kowanne ya gaje ta daga kaka ɗaya.

MUTUM A ALLUNAN YUMƁU

Ita ma kalmar "mutum" tana da dangi. A ƙasar Iraƙi ta zamanin da an yi wani harshe da ake kira Akkadiyanci, harshen mutanen Babila da Assur, ɗan'uwan Larabci ne, ana rubuta shi da tsinke a kan allunan yumɓu. A cikinsa akwai kalmar da ake karantawa "mutum", ma'anarta namiji ko mijin aure. Tana nan a cikin dokokin Sarki Hammurabi na Babila, waɗanda aka sassaƙa a dutse wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu. An tono dutsen a garin Susa na ƙasar Iran a 1901, aka kai shi gidan tarihi na Louvre a birnin Paris. A tsohon harshen Habasha, watau Ge'ez, "met" shi ne miji, a tsohon Ibrananci kuma "metim" na nufin mazaje.

A nan akwai wurin yin hattara, domin gaskiya ita ce adon ilmi. Harafin "m" na ƙarshen kalmar Akkadiyanci alamar li'irabi ce, tana yin aikin da tanwini yake yi a Larabci, saboda haka dacewarsa da "m" na ƙarshen kalmar Hausa katari ne kawai. Inda zumuntar take shi ne tushen "mut", wanda yake bayyana a mutum, da mutuniya, da mutane. Haka nan a gabashi da kudancin Afirka ana samun "mtu" a Suwahilanci da "umuntu" a harshen Zulu, dukansu da ma'anar mutum, amma waɗannan daga wani gida suke dabam. Tushensu "ntu" ne, "m" da "mu" na farkonsu ɗafi ne wanda yake sauyawa a jam'i, a ce "watu" da "abantu". Ba kowace kama ce take zama dangantaka ba.

To, mene ne tsakanin "mut" na mutum da "mut" na mutuwa? Waɗansu masana suna ganin tushe ɗaya ne, watau an kira ɗan Adam da sunan ƙarshensa, mutum shi ne mai mutuwa. Waɗansu kuma suna ganin tushe biyu ne tsofaffi da suka yi maƙwabtaka a furuci. Abin da yake ƙarfafa masu ra'ayin farko shi ne an tabbatar da irin wannan a wani gidan harsuna dabam. A Farisanci "mard" shi ne namiji, "mordan" shi ne mutuwa, kuma babu saɓani a kan cewa tushensu ɗaya, domin tsoffin Farisawa suna ce da mutum "martiya", watau abin da yake mutuwa. Armeniyawa ma "mard" suke cewa, tsoffin littattafan Indiya kuma suna cewa "martya".

TURƁAYA DA MANTUWA

Inda al'umma ba ta kira mutum da sunan mutuwa ba, sau da yawa sai a tarar ta kira shi da sunan ƙasa. Yaron da yake karatun boko a Magarya ana koya masa cewa mutum da Faransanci shi ne "homme". Kalmar ta fito daga "homo" na Latin, ita kuma 'yar'uwar "humus" ce, watau ƙasar da ake takawa. Daga wannan tushe ne Faransawa da Ingilishi suka sami kalmarsu ta tawali'u.

Sunan Annabi Adamu, alaihis salamu, shi ma haka yake a wajen malamai da yawa. An ruwaito daga magabata cewa an kira shi Adamu ne domin an halicce shi daga "adimul ardi", watau fatar ƙasa, ko da yake Zamakhshari ya fi karkata ga cewa sunan ba na Larabci ba ne tun asali. A Ibrananci kuwa "adama" ita ce ƙasar noma. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito hadisin da yake bayyana cewa an halicci Adamu daga damƙi guda da aka ɗebo daga dukkan sassan ƙasa, shi ya sa zuriyarsa suka zo da launi iri iri da hali iri iri. Wannan suna ya bi Musulunci ya shiga harsunan duniya. Hausawa suna cewa ɗan Adam da bil'adama, Zabarmawa suna cewa "adamize", Waswahili suna cewa "binadamu", Turkawa suna ce da mutum "adam", mutanen Pakistan da Indiya kuma suna cewa "admi".

Saura kalmar "insan". Malaman nahawu na Kufa da na Basra sun yi saɓani a kan asalinta, Abul Barakat al-Anbari, wanda ya rasu a shekara ta 577 bayan Hijira, ya kawo muhawarar a littafinsa Al-Insaf. Mutanen Kufa suka ce daga "nisyan" take, watau mantuwa, suka jingina da abin da aka ruwaito daga Ibnu Abbas cewa an yi wa Adamu umarni sai ya manta, kamar yadda aya ta 115 ta Suratu Ɗaha ta nuna. Mutanen Basra suka ce daga "uns" take, watau sabo da ɗebe kewa, domin mutum ba ya iya zama shi kaɗai. Bahaushe ya riga ya taɓo ma'anonin biyu a karin maganarsa. Ya ce mutum ɗan tara ne bai cika goma ba, ya kuma ce mutum rahama ne.

Idan aka tattara wannan duka, sai a ga al'ummu masu nisa da juna, waɗanda ba su yi shawara ba, sun raɗa wa ɗan Adam sunaye daga ƙasa, da mutuwa, da mantuwa, da bukatar ɗan'uwa. A cikin sunayen nan da aka bi ɗaya bayan ɗaya babu wanda aka ciro daga zinariya ko daga gadon sarauta.

DAGA MUTUM ZUWA MUTUNCI

Abu na biyu da harsuna suka haɗu a kansa ya fi na farko amfani. Hausa ta ɗauki "mutum" ta ƙara masa ɗafin da yake cikin zumunci da baƙunci, sai ta sami "mutunci", ta kuma sami "mutuntaka" da "mutuntawa". Larabci ya ɗauki "mar'u", watau mutum, ya fitar da "muru'a". Suwahilanci ya ɗauki "mtu" ya fitar da "utu", Zulu ya fitar da "ubuntu". Latin ya ɗauki "vir", watau namiji, ya fitar da "virtus", nagarta. Kowane ɗayansu ya ciro sunan daraja daga sunan mutum kansa, kamar ana cewa darajar tana cikin zama mutum, kuma wanda ya zubar da ita ya rage wani abu daga mutuntakarsa. Shi ya sa idan Bahaushe ya gaji da halin wani sai ya ce "wane ba mutum ba ne", alhali yana ganinsa da ƙafa biyu da babbar riga.

Malaman fiƙihu ba su bar muru'a a matsayin adon magana ba, sun sanya ta cikin shari'a. A Mukhtasar na Shaihu Halilu, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa tun ƙarnoni, an lissafta muru'a cikin sharuɗɗan adalin da alƙali zai karɓi shaidarsa, ba a kuwa lissafta dukiya a cikinsu ba. Attajirin da ya zubar da muru'arsa ana iya mayar da shaidarsa, a karɓi ta manomin da ya tsare tasa.

Wani Bature ma ya lura da haka a al'adar Hausawa. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Jihar Arewa kafin ya koma koyarwa, ya buga wani ɗan littafi a 1974 a kan mutumin kirki a wajen Bahaushe. Ya lissafta halaye 10 da ya tarar Hausawa suna auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kuɗi ba sa cikin lissafin. Ashe ma'aunin da ake yayi yanzu baƙo ne ko a al'ada, balle a addini.

MA'AUNIN ƘURAISHAWA

Ba yau aka fara auna mutum da abin hannunsa ba. Su dokokin Hammurabi da aka ambata sun kasa jama'a kashi uku: ɗan babban gida, da talaka, da bawa. Wanda ya tsiyaye idon ɗan babban gida sai a tsiyaye nasa, wanda ya tsiyaye na talaka kuwa sai ya biya azurfa ya tafi abinsa. Sunan talakan nan a harshensu shi ne "mushkenum", kalmar da ta bi ta harshen Aramiyawa ta zama "miskin" a Larabci, ta iso Hausa a matsayin miskini. A shari'ar Musulunci kuwa diyyar attajiri da ta miskini ɗaya ce, haka nan ƙisasi ba ya duban aljihu ko gidan da aka fito.

Alƙur'ani mai girma ya kawo maganar babban mutum ƙarara. A aya ta 31 ta Suratuz Zukhruf an ba da labarin kafiran Makka suna ƙorafi a kan me ya sa ba a saukar da Littafin ga wani babban mutum daga ɗayan garuruwan nan biyu ba, watau Makka da Ɗa'ifa. Masu tafsiri da yawa sun ce suna nufin Walidu ɗan Mugira, attajirin Banu Makhzum, da Urwatu ɗan Mas'udu, shugaban Saƙifawa. A ganinsu maraya wanda ya yi kiwon tumaki bai kai ba, ko da yake su da bakinsu suke kiransa Al-Aminu. Walidu ya mutu a kan kafirci, dukiyarsa da 'ya'yansa ba su tsare masa kome ba. Urwatu kuwa ya musulunta daga baya, ya koma Ɗa'ifa yana kiran mutanensa zuwa ga gaskiya, suka harbe shi da kibiya ya yi shahada. Ya sami girma a ƙarshe, amma ta ƙofar da Ƙuraishawa ba su yi zato ba.

Hadisai ingantattu sun ƙara fito da wannan. Buhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa wani mai hali ya wuce, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tambayi sahabbai ra'ayinsu a kansa, suka ce irinsa ne in ya nemi aure a ba shi, in ya yi ceto a karɓa, in ya yi magana a saurara. Sai wani matalauci daga cikin Musulmi ya wuce, suka faɗi akasin haka. Annabi ya sanar da su cewa matalaucin nan ya fi cikin ƙasa na irin wancan. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira cewa ranar alƙiyama za a zo da babban mutum mai ƙiba, amma nauyinsa a wajen Allah ba zai kai fiffiken sauro ba. Farkon Suratu Abasa ya sauka ne a kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum, wanda ya zo neman sani a lokacin da ake ganawa da manyan Ƙuraishu. Makahon nan daga baya ya zama ladan, kuma sau da dama shi ake bar wa Madina idan Annabi ya fita. Ma'aunin da ya tabbata shi ne na aya ta 13 ta Suratul Hujurat, wadda ta mayar da fifiko ga tsoron Allah, bayan ta tuna wa mutane cewa asalinsu ɗaya.

ABIN DA MAI JAYAYYA ZAI CE

Mai jayayya zai iya cewa asalin kalma ba hujja ba ne, domin kalma takan bar ma'anarta ta farko ta ɗauki wata. Wannan gaskiya ne. Ba a gina hukuncin halal da haram a kan ƙamus, kuma ko da masana sun taru gobe a kan cewa mutum da mutuwa tushensu biyu ne, aya ta 185 ta Suratu Ali Imrana tana nan, ta riga ta sanar cewa babu ran da zai tsere wa mutuwa. Amfanin bin asalin kalma shi ne tunatarwa, mai karatu ya ga cewa abin da wahayi ya tabbatar, hankalin kakanni ma ya hango shi har ya bar alamarsa a harshe.

Zai kuma iya cewa ai Musulunci bai soke daraja ba, akwai sarki da talaka, akwai malami da almajiri. Wannan ma gaskiya ne, ayar da take bin ta 31 a Suratuz Zukhruf ita ce ta bayyana cewa an ɗaukaka waɗansu a kan waɗansu a abin rayuwa domin sashe ya yi wa sashe aiki. Girmama shugaba da dattijo da malami wajibi ne, gari ba ya zaunuwa sai da shi. Amma ayar ta rufe da cewa rahamar Ubangiji ta fi abin da suke tarawa. Ke nan matsayi rabon aiki ne da ɗaukar nauyi. Bahaushe ya fahimci haka da ya ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa a kansa zai zuba. Wanda yake son a kira shi babba, amma ƙofarsa a rufe take ga mai kuka, ya ɗauki sunan ya bar aikin.

Na uku, zai iya cewa yawan ambaton mutuwa yana kashe zuciya, ya hana neman na kai. Amsa ita ce Musulunci bai zargi dukiyar halal ba. Usmanu ɗan Affan da Abdurrahman ɗan Aufu attajirai ne, kuma suna cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna. Imam Ahmad ya ruwaito umarnin cewa wanda alƙiyama ta riske shi da dashen dabino a hannu, in ya sami iko ya dasa shi. Muslim kuma ya ruwaito cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa sai abu 3: sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da ɗa na gari mai yi masa addu'a. Tuna mutuwa yana koya wa mai nema ya zaɓi abin da zai tara, ya haƙa rijiya, ya dasa itace, ya koyar da yaro.

INDA AKE GANE MA'AUNI

Ana gane ma'aunin al'umma a ƙananan wurare. Ana gane shi a masallaci, idan aka tashi talakan da ya riga kowa zuwa daga sahun farko domin a shimfiɗa wa wani darduma. Ana gane shi a wajen neman aure, idan uba ya tambayi irin motar mai nema bai tambayi sallarsa da hanyar samunsa ba. Ana gane shi a wajen sulhu, idan aka ba mai gaskiya haƙuri aka ba mai kuɗi gaskiya. Ana gane shi lokacin zaɓe, idan magidanci ya sayar da ƙuri'arsa a kan sabulu da taliya, domin abin da ya miƙa a ranar mutuncinsa ne da haƙƙin 'ya'yansa. Ana kuma gane shi a yadda ake kiran ɗan dako da almajiri da 'yar aiki, da "kai" da "ke" da tsawa, kamar ba su da suna.

Ɓarnar wannan ba ta tsaya ga wanda aka wulaƙanta ba. Yaro yana kallo. Idan ya ga ana miƙewa tsaye ga wanda kowa ya san dukiyarsa ta haram ce, ana kuma yi wa malaminsa dariya saboda tsohon kekensa, to an gama yi masa darasi, wa'azin shekara ba zai kankare shi ba. Garin da ya girmama ɓarawo ya yi odar ɓarayi ke nan daga cikin 'ya'yansa.

Aya ta 70 ta Suratul Isra'i ta bayyana cewa Allah Ya girmama 'ya'yan Adamu, ba ta kuwa ware ƙabila ko aji ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawar wani Bayahude, Annabi ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko wane ne sai ya tunatar da su cewa shi ma rai ne. Akwai mutuncin da kowane ɗan Adam yake da shi tun daga haihuwa, babu mai ikon ci masa shi. Akwai kuma girman da ake samu da hali da taƙawa, ƙofarsa a buɗe take ga mai rawani da mai tallan ruwa.

Mutanen ƙasar Katsina da Daura sun ga wa'azin wannan da idonsu. Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu yana kan kujerar shugabancin Nijeriya ranar 5 ga Mayu, 2010, washegari aka binne shi a maƙabartar Ɗan Marna a Katsina. Janar Muhammadu Buhari, wanda ya mulki ƙasar a soja daga 1983 zuwa 1985, ya kuma mulke ta a farar hula daga 2015 zuwa 2023, ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli, 2025, aka binne shi a gidansa na Daura ranar 15 ga watan. Shugabanni sun zo daga ciki da wajen ƙasa, amma sallar da aka yi musu kabbara 4 ce, babu ruku'u babu sujada, irin wadda ake yi wa manomi a Babban Mutum ko makiyayi a Magarya. Likkafani fari ne, an kwantar da kowannensu a gefen dama yana fuskantar alƙibla. Harshen Hausa ma yana da nasa hukunci a nan, domin da zarar rai ya fita sai a daina kiran suna da laƙabi, a ce a wanke gawa, a ɗauko gawa. Mutuwa rigar kowa ce.

Saboda haka wanda yake son ya san ko shi babban mutum ne, sai ya ware abin da za a raba a gadonsa gefe guda, ya dubi abin da ya saura. Idan ya tarar da salla, da amanar da ya tsare, da maraya da ya riƙe, da maƙwabcin da ya kwana lafiya saboda shi, da bakin da ya kame daga cin mutuncin bayin Allah, to ya gode wa Ubangijinsa ya ƙara himma. Idan kuwa ya tarar babu kome, to ƙofar tuba ba ta rufe ba muddin rai bai kai maƙogwaro ba. Iyaye da malamai kuma su kula da wanda suke yabo a gaban yara, domin shi yaran za su so su zama.

Allah Ya tsare mutuncin bayinSa, Ya jiƙan magabata, Ya shiryi shugabanni da mabiya, Ya sa a cika da imani. Amin.